Ku daina wulaƙanta masu kiwon talo-talo

Duk Disamba sai an yi wannan abin kunyar a Jos da Kaduna da Zariya. Mutum ya faka mota a ƙofar gidan mai kiwo, ya cafke talo-talo ta ƙafafu, ya jinjina nauyinta, ya taɓe baki, sannan ya taya rabin kuɗi. Matar ta ce albarka, ya ƙara 'yan canji kamar mai ba da sadaka, har da cewa, "Haba Mama, ai dusa kawai take ci." To wannan mutumin fa shi ne zai shiga shagon daskararren nama, a ɗora masa cinya da fiffike a kan sikeli, a faɗa masa kuɗin kilo, ya zaro kati ya biya ko tari bai yi ba.

Dusa kawai! Kazar gidan gona ta nama mako 6 zuwa 8 take yi a kai ta kasuwa. Talo-talo kuwa sai ta cinye kusan rabin shekara tana haɗiyar masara da waken suya, waɗanda kowa ya ga yadda kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai a 2023. 'Yan tsakinta ga raki. Sanyi kaɗan ya buge su, da safe sai kwasar gawa. Mai kiwo kan kwana tana duba fitila da kaskon gawayi, ta biya kuɗin rigakafi, hunturu ya shigo da annobar kaji tana zaune cikin fargaba. Wanda ya ga murar tsuntsayen da ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 ya san yadda jarin shekara ke ƙarewa cikin kwana biyu.

Ita kuma waccan daskararriyar ta cikin kwali, daga ina? Tun 2003 gwamnati ta hana shigo da daskararrun kaji da talo-talo ƙasar nan. Amma jiragen ruwa suna sauke su a Kwatano, 'yan fasa-ƙwauri su biyo da su ta Seme da hanyoyin daji, a bayan mota, cikin rana. Ƙanƙarar ta narke, a sake daskarar da su, ta kuma narkewa idan an ɗauke wuta. Kwastan na kamawa suna binnewa, NAFDAC ta sha yin gargaɗi, an ma rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, duk da haka firizoji ba su taɓa zama wayam ba. Ba wanda ya san ranar da aka yanka ta, ba wanda ya san wanda ya yanka, kuma ita ce ake sa wa baƙi a faranti ana taƙama.

Ban ce masu kiwo waliyyai ba ne. Akwai mai ɗura wa tsuntsu abinci ya cika masa maƙoƙo don ya yi nauyi a hannu. Amma shi tsuntsu mai rai kana iya shafa ƙirjin, ka duba idon, ka ga kashin da ke ƙasa, gobe kuma ka san ƙofar da za ka koma.

In da gaske talo-talo kake so ranar Kirsimeti, je ka wurin mai kiwo tun Oktoba, ka zaɓa, ka ba da kafin alƙalami ta sayi abincin ƙarasa kiwo. In aljihu bai kai ba, ka sayi zakara, ka bar wa matar nan dabbarta.