Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Maɗoran Zongon Kwatano

Wannan wasiƙa zuwa ga dattawan sana'ar ɗori da masu koyo a hannunsu ta shafi yaran da ake kawo musu da karaya, domin a unguwa irin Zongo, inda 'yan zemijan, wato masu haya da babur, ke kai da komo dare da rana, yara kuma ba su da filin wasa sai bakin titi, ƙofar maɗori iyaye kan fara nufa kafin su tuna da asibiti.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2008 ya nuna cewa yara kimanin 830,000 ne ke rasuwa kowace shekara sanadiyyar haɗura, haɗarin hanya a kan gaba, sai nutsewa a ruwa, ƙuna, faɗuwa da shan guba, kuma mafi yawansu 'ya'yan ƙasashe masu ƙarancin arziki ne. Waɗanda suka tsira da rauni sun ninka wannan adadi nesa ba kusa ba, su ne kuma ke isowa zauren maɗori. Dalilin zuwansu ba ɓoyayye ba ne: a asibiti akwai kuɗin hoton ƙashi da na filasta da na gado, ga uwar da za ta bar kasuwancinta a kasuwar Dantokpa ta zauna jinya, alhali maɗori maƙwabci ne, yana jin harshen iyayen, yana kuma karɓar abin da ya sawwaƙa. Wannan yarda amana ce mai nauyi.

Abin da ya wajaba mai sana'a ya riƙe shi ne ƙashin yaro ya bambanta da na babba. Kusa da kowace gaɓa akwai wani sashe mai taushi na guringuntsi wanda daga gare shi ƙashi ke ƙara tsawo, kuma idan karaya ta ratsa wurin aka yi ta murza da ja, hannu ko ƙafa na iya gajarcewa ko karkacewa bayan shekaru, lokacin da kowa ya manta da ɗorin. Saurin haɗewar ƙashin yaro ma ba koyaushe yake zama alheri ba, tunda wanda aka ɗora a karkace cikin 'yan makonni yake kamawa a haka.

Mafi haɗari ita ce karayar da ke saman gwiwar hannu, wadda ta yawaita ga yaran da suka faɗi suka dafa ƙasa, domin babbar jijiyar jinin hannu a gaban wurin take wucewa. Idan aka jera karan ɗori aka ɗaure tamau, kumburi ya taso bai sami wurin faɗaɗa ba, sai jini ya daina isa ga tsoka, ita kuwa tsokar da ta rasa jini cikin kimanin sa'o'i 6 take fara mutuwa. Likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana wannan illa tun 1881, kuma ƙarshenta shi ne yatsu su ƙandare a lanƙwashe har abada, ko gaɓar ta ruɓe a yanke ta. Alamominta a fili suke: ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ihun yaro idan an miƙe masa yatsu, sanyin yatsun ko mutuwar jinsu. Kuskure ne babba a ɗauki wannan kuka a matsayin raki ko shaidar cewa ɗori na kamawa.

Saboda haka ana roƙon maɗori ya bar sarari a ɗaurinsa, ya sake duba yaron a ranar farko, ya kwance nan take idan alamomin sun bayyana. Karayar da ƙashi ya huda fata ba a shafa mata man shanu ko garin magani, a rufe ta da ƙyalle mai tsabta a wuce asibiti, inda za a wanke raunin a yi allurar tetanus. Haka ma karayar gwiwar hannu da ta cinya, da yaron da ya bugu a ka yana amai ko magagi, duk a tura su babban asibitin koyarwa na Hubert Maga ko asibiti mafi kusa ba tare da jiran wayewar gari ba.

Iyaye sun fi jin maganar maɗori a kan ta kowa a irin wannan lokaci, don haka shi ya kamata ya faɗa musu gaskiya cewa kuɗin hoto ɗaya bai kai asarar hannun yaro ba, ya kuma raka su idan da hali. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya kare zuri'a. Wassalam.