Texas: An karɓi lasisin bindiga, an ƙi katin ɗalibi

Zaɓen rabin wa'adi na Nuwamban 2026 yana ƙaratowa a Amurka, amma jihar Texas ba ta sauya zani ba. Mai lasisin yawo da ƙaramar bindiga zai miƙa katinsa a rumfar zaɓe, a karɓa hannu bibbiyu. Ɗalibar Jami'ar Texas da ke Austin, makarantar gwamnatin jihar, ta miƙa nata katin mai hoto, a ce bai isa shaida ba. Majalisar dokokin jihar ta yi zamanta na 2025 ta watse ba ta gyara ba. Matsayinmu shi ne a sanya katin ɗaliban jami'o'in gwamnati cikin jerin shaidun da ake karɓa.

Masu kare dokar na cewa sai an ɗauki hoton yatsun mutum an binciki tarihinsa kafin a ba shi lasisin bindiga. Mun ji. Amma a rumfa ba tarihi ake tambaya ba, so ake a ga fuska ta dace da sunan da ke cikin rajista, cancanta kuwa tun wurin rajistar aka tantance ta. Balle ma Texas tana ba da wannan lasisi har ga wanda ba mazaunin jihar ba.

Ba yau aka fara ba. Gwamna Rick Perry ya sa hannu a dokar katin shaidar zaɓe ta SB 14 a 2011, kotun tarayya ta dakatar da ita a 2012. A Yunin 2013, ranar da Kotun Ƙoli ta rage wa dokar kare 'yancin zaɓe ta 1965 ƙarfi, Greg Abbott, babban lauyan jihar a lokacin, gwamna a yanzu, bai bari an kwana ba ya shelanta cewa dokar SB 14 ta fara aiki. A 2014 mai shari'a Nelva Gonzales Ramos ta gano cewa kimanin masu rajista 600,000 ba su da irin katin da ake nema, kuma abin ya fi shafar baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da wannan illa a 2016. Me majalisa ta yi a 2017? Ta ce wanda ba shi da kati ya cike takardar uzuri, in ya yi ƙarya hukunci ya hau kansa. Katin ɗalibi kuwa ko kallo bai samu ba. A shekarar ce aka rage kuɗin lasisin bindiga daga dala 140 zuwa 40.

Jihar da ta karɓi harajin zaɓe daga hannun talaka har 1966 ba ta cancanci a kyautata mata zato a kan wannan ba. Ga shi cutar tana yaɗuwa: a 2023 Idaho ta soke katin ɗalibi, ta bar na makami. Amurka ce fa ƙasar da ta hana wasu 'yan Najeriya biza bayan zaɓen ƙasarsu na 2023, wai sun yi wa dimokuraɗiyya zagon ƙasa.

Ba mu ce a daina karɓar lasisin bindiga ba. Hukumar jiha ce ta buga shi, a karɓa. Jami'ar ma ta jiha ce. Majalisa ba za ta sake zama ba sai Janairun 2027, sai dai in gwamna ya kira zama na musamman, kuma Abbott ya sha kira idan abin ya dame shi. Ya kira, a ƙara katin ɗalibi a jerin kafin Nuwamba.