DAGA ƘETARE: Ƙarar Da Babu Ita A Sararin Samaniya

Duk wanda ya taɓa kallon Star Trek ya san yadda jirgin nan Enterprise ke gilmawa fuuu! da ƙara, sai ka ce motar da birki ya tsinke mata. To, wannan ƙarar ƙarya ce tsagwaronta. Sauti ba ya tafiya sai da iska ko wani abin da zai ɗauke shi, can sama kuwa fayau ne, ko bam ya tashi shiru kake ji. Masu shirin sun sani sarai. Sai dai jirgin da ya wuce tsit ba ya nuna gudu a idon ɗan kallo, shi ya sa aka liƙa masa.

Abin mamaki, shirin da Gene Roddenberry ya fara a tashar NBC ta Amurka a 1966 bai raina gaskiya ba. Wanda ya zana jirgin, Matt Jefferies, ya yi aiki a jiragen yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya nesanta injinan daga inda mutane ke zama saboda haɗari, ya kuma bar jikin jirgin sumul don a riƙa gyara daga ciki. Tunani mai kyau. Amma fa ɗakin kyaftin yana can ƙoli, inda abokan gaba za su fara hara! Kujeru babu bel. Da an harbo su sai a karkata kyamara, 'yan wasa su yi ta zubewa, na'urori na tartsatsi. Wane injiniya ne zai yarda da wannan? Darakta kam ya yarda, don nan ne zuciyar ɗan kallo ke bugawa.

Ita kuwa na'urar da ke ɓatar da mutum ya bayyana a wata duniyar, talauci ne ya haife ta. Ɗaukar saukar jirgi kowane mako ya fi ƙarfin aljihun furodusa, sai aka nemi garin alminiyo aka ɗauki hotonsa yana ƙyalli, shi ke nan.

A 2002 Joss Whedon ya yi ta-maza a Firefly, ya bar sararin shiru yadda yake. Tashar Fox ta dakatar da shirin bayan nuna kashi 11 cikin 14. Kada dai a ɗora wa shirun laifi, tashar ce ta hargitsa jerin, ta kai kashin farko can ƙarshe.

Waɗanda suka fi iya raba gardamar su ne masu The Expanse (2015 zuwa 2022). Jiragensu kamar bene suke a tsaye, turin inji ne ke riƙe mutane a ƙasa. Injin na mutuwa kowa sai ya tashi yana lilo. In za a tsaya, dole jirgi ya juya baya a tsakiyar tafiya ya yi ta turi. A nan gaskiyar da kanta ta zama abin tashin hankali, don turin inji in ya yi yawa kashe mutum yake yi a kan kujerarsa. Duk da haka, da an fara ba-ta-kashi, su ma ƙarar harbi suke sakawa.