Kafin a kafa farfela a Shagari, a auna iskarta da kyau

Matuƙin jirgin da zai tashi daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato, a kan hanyar Bodinga, ba ya yarda da allurar gudu ido rufe. Akwai ɗan siririn bututu a jikin jirgin da iska ke bugawa, kuma da ƙarfin bugun nan na'ura ke faɗin gudu. To amma an saita ta ne da iskar bakin teku mai zafin digiri 15. Sakkwato kuwa tana kan tudun kusan mita 300, ga zafin bazara da kan haura 40. Sai iska ta yi sako-sako, nauyinta ya ragu da kusan kashi 12 cikin ɗari, allura ta nuna ƙasa da gaskiya da kamar kashi 6. Matuƙi ya san haka, yana da lissafin gyarawa.

Manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Shagari, wanda kuɗin fetur ya isa, ba shi da wannan lissafi. Idan aka zo masa da zancen injin ban ruwa mai aiki da iska, alƙaluman wasu zai dogara da su.

Kuskuren kashi 6 a awon gudun iska ba abin rainawa ba ne, domin ƙarfin da farfela ke samu yana bin gudun iska ne ninki uku a jere. Kuskuren sai ya koma kusan ɗaya bisa biyar. Ma'aunin iska mai kofuna uku bai damu da nauyin iska sosai ba, amma ƙurar hunturu kan shiga gindinsa ya riƙa juyawa da ƙyar. Mai siririyar waya da ake ɗumamawa kuwa, da ƙura ta lulluɓe ta lissafi ya karkace. Damina ma da nata, don iska mai danshi ta fi busasshiya rashin nauyi.

A Katsina an kafa farfela 37 a Lambar Rimi don megawat 10, kowa ya ga irin dukiyar da aikin iska ke ci. Saboda haka ya kamata gwamnatin Sakkwato ta haɗa hukumar kula da yanayi ta NiMet da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo su auna iskar Bodinga da Shagari shekara guda cur, tare da zafi da matsi da danshi, kafin a sa hannu a kowace kwangila.