Sharhi: Gwajin jini na gano taɓin hankali, da sauran rina a kaba

A watan Fabrairun 2024, masu bincike na jami'ar Indiyana ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Alexander Niculescu, suka wallafa cewa sun gano wasu alamomi cikin jini da ke hawa da sauka tare da tsananin ciwon sikizofiraniya. Ciwon nan shi ne mai sa mutum jin muryoyin da babu su, ko ya kafe cewa ana bin sa da sharri. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce yana kama kusan mutum 1 cikin 300, kuma galibi daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da ƴan kai yake bayyana.

Shekarun ɗalibanmu ke nan. Na taɓa koyar da wani yaro mai kaifin kai da ya daina magana a aji, sai murmushi shi kaɗai. Shekara biyu ana ruƙiyya da hayaƙi kafin a kai shi asibiti. Ni ma ina addu'a, ban raina ta ba. Amma na tabbata da baban yaron ya ga takardar gwaji a hannu, da ba a ɓata wannan lokacin ba. Har yau likita da tambaya da lura yake gane ciwon, kuma mutanenmu ba su cika yarda da abin da ba a auna ba.

To me ake aunawa a jinin? Ƙwayoyin gadon mutum, wato DNA, kamar rajistar aji suke, sunayen ba sa canzawa. Abin da masanan ke dubawa shi ne RNA, wanda ke nuna waɗanne ne suka ɗaga hannu yau, waɗanne suka yi shiru.

Nan gizo ke saƙa. Ajin na canza hali da abu kaɗan: taba sigari, maganin da majinyaci ya riga ya fara sha, har lokacin da aka ɗebi jinin. Zazzaɓin cizon sauro ma yana hargitsa wannan lissafi, mu kuwa da damina wa ya tsira? Sannan da yawan mutanen Afirka ta Yamma an haife su da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, lafiyarsu ƙalau. Ma'aunin da aka daidaita da jinin Turawa zai iya yi mana ƙarya. Babban binciken 2022, wanda ya gano wurare 287 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon, akasarin mutanensa Turawa ne da ƴan gabashin Asiya. Shirin NeuroGAP na ƙoƙarin cike giɓin, amma a Habasha, Kenya, Yuganda da Afirka ta Kudu.

An ma taɓa gwadawa. A 2010 aka fitar da VeriPsych a Amurka, gwajin da ke auna sinadarai 51 a jini. Bai yi nisa ba aka janye shi daga kasuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne aure. Mun saba da gwajin sikila kafin ɗaurin aure, kuma ya yi amfani, don amsarsa a fili take: AA, AS ko SS. Sikizofiraniya ba ta da irin wannan amsa. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu, sau da yawa ɗayan lafiya lau yake ƙare rayuwarsa. Ranar da wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya shigo da wannan awo yana tallarsa, iyaye za su karanta "akwai haɗari" a matsayin "mahaukaciya ce". Yarinyar da wataƙila zazzaɓi ne kawai ya motsa jininta a makon, ita za a mayar wa kayan lefe.