DABBA MA MAGANI CE: KIRA GA 'YAN UWA FATAKEN SHANU

Zuwa ga shugabannin wannan ƙungiya tamu da dukkan 'yan uwa fatake da dillalai na Garwa da Adumri da Ngong da Pitowa, har zuwa abokan cinikinmu na Mubi da Yola da na ƙasar Cadi, muna roƙon a ba mu ɗan fili a wannan takarda domin mu kawo wata magana wadda ta shafi 'yan uwanmu da suka rasa dukiyarsu.

A ƙasashen Turawa akwai mutanen da suke horar da karnuka da dawaki har da zomaye, su riƙa kai su asibitoci da gidajen tsofaffi da makarantun naƙasassun yara, domin marasa lafiya su shafa su, hankalinsu ya kwanta. Da yawanmu in sun ji haka sai su yi dariya su ce ai ƙoshi ne ya yi wa Nasara yawa. To, jama'a, a dakata da dariyar tukuna. Tun shekarar 1796 aka buɗe wani gidan jinyar masu taɓin hankali a garin York na Ingila inda aka riƙa ajiye ƙananan dabbobi domin majinyata su saba da su. A 1962 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Boris Levinson ya rubuta yadda yaron da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki saboda karensa da yake cikin ɗakin. A 1976 kuma wata ma'aikaciyar jinya, Elaine Smith, ta kafa ƙungiyar masu kai karnuka gaida marasa lafiya a can Amurka.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne tsarin da suke bi. Ba kowace dabba ake karɓa ba. Sai an gwada ta an ga ba ta firgita da ƙara ko taron jama'a ko keken guragu, ba ta cizo, likitan dabbobi ya duba ta ya ba da takarda. Shi ma mai dabbar sai an koya masa yadda zai shiga wurin mara lafiya da lokacin da zai janye dabbar in ta gaji. Kuma da yawansu aikin sa kai suke yi, ba a biyan su ko sisi.

Mu da muka tashi cikin shanu, wa zai koya mana cewa zuciyar mutum tana ɗaure da dabbarsa? Kakanninmu sun ba da labarin annobar bushiya ta farkon shekarun 1890, wadda ta share garkuna har wasu Fulani suka zauce, suna yawo a daji suna kiran shanun da babu su. Da yawanmu mun ga ta 1983 da idonmu. Alhamdu lillahi, a 2011 aka bayyana cewa an kawar da bushiya daga duniya, amma sai ga wata annobar mai tafiya da ƙafa biyu. Zargina masu satar mutane a dazuzzukan Mayo-Rey da Tuboro sun sa magidanta sun sayar da garke kakaf domin fansar 'ya'yansu. Rikicin Boko Haram ya raba dubban mutane da dabbobinsu, har aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo a 2013. Mu ne muka sayi waɗannan shanun, wani lokaci a farashin da mu kanmu mun san na mai neman mafita ne.

Duk wanda yake zuwa kara ya san irin mutumin da muke nufi. Dattijo ne wanda a da yake shigowa da bijimai goma, yau yana zaune a inuwa da sandarsa yana kallon shanun wasu, ba ya saye ba ya sayarwa. Mu kan miƙa masa jaka ɗaya mu ce ya sayi goro, mu wuce. Kuɗin zai ƙare kafin magariba, gobe kuma ya tashi da asuba babu abin da zai kwance daga turke. Wannan zaman shirun shi ne yake cinye su.

Maganin yana hannun Fulani tun tuni, shi ne habbanaye. Mai hali ya ba wanda ya rasa aron karsana, ya yi kiwonta har ta haihu sau biyu ko uku, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Wanda aka ba ya sami nono da iri, ya kuma sami dalilin tashi da safe, ya koma cikin mutane da mutuncinsa.

Saboda haka muna ba da shawara guda uku. Ta farko, kowane reshe na ƙungiya ya riƙa cire wani ɗan abu daga la'ada a ranar kasuwa, a tara a sayi karsana ko tunkiya ko akuya, a bayar bisa ƙa'idar habbanaye, a rubuta a gaban Sarkin Shanu da shaidu. Ta biyu, a zaɓi dabbar da hankali. Mu da muke gane mai tunkuyi da mai harbi da kallo ɗaya, kada mu kai wa tsoho ko gwauruwa ko maraya dabbar da ta gagare mu. A ba da mai sanyin hali wadda ta saba da hannu, a yi mata allurar ciwon huhu da sauran rigakafi, tunda ga LANAVET nan a Bokle kusa da mu tana yin alluran. A haɗa da buhun dusa ko ƙulin angurya na watannin rani, domin ba wa wanda ba shi da harawa dabba ƙara masa nauyi ne. Ta uku, a sami samarinmu masu haƙuri, likitan dabbobi da dattawa su koya musu aikin, su riƙa zagayawa duk mako suna duba dabbar, suna zama da mai ita suna hira. In sun ga damuwarsa ta wuce misali, ba ya ci ba ya barci, su sanar da danginsa a kai shi asibiti.

Game da kare kuwa, mun san abin da muka karanta a makaranta. An halatta ajiye shi domin kiwo da farauta da gadin gona, kuma an ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare ruwa. Amma a nan wurinmu haukan kare yana kisa, yawancin karnuka ba su da allura, mutanenmu kuma ba za su yarda a shigar musu da shi ɗaki ba. Ba dole sai kare ba. Muna da ɗan maraƙi da ɗan rago da jaki da doki. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lallashi ƙanin Anas ɗan Malik lokacin da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu. In har bai raina baƙin cikin yaro a kan tsuntsu ba, ina dalilinmu na raina na dattijo a kan garke?

Wasu za su ce in an bayar za a sayar, ko ɓarayi su sake kwashewa. Gaskiya ne, wasu za su salwanta. Amma mu da muke ɗora shanu a mota mu bi hanyar Mubi ba mu da tabbacin isa, asarar akuya ɗaya ce za ta hana mu aikin lada? Wasu kuma za su ce dabba ba ta maye gurbin likita da addu'a. Haka ne, su kansu Turawan ba su ce tana warkar da cuta ba, cewa suka yi tana rage kaɗaici da fargaba, mai jinya ya sami ƙarfin karɓar magani.

Muna roƙon shugabanni su sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, a fara ko da da awaki biyar ne a Adumri a ga yadda za ta kaya. Wanda yake da garke yau bai san abin da daren gobe zai zo da shi ba. Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, Ya mayar wa waɗanda suka rasa da mafi alheri, amin.

Wassalam.
Daga ɗan uwanku falke, Garwa.