Sharhi: Yadda mugun wasan 'firank' ke barin tabo a zukata bayan an gama dariya

Ina aji uku a makarantar kwana lokacin da abin ya faru. Wasu 'yan aji shida suka samo farin zanen gado, ɗaya daga cikinsu ya naɗe jikinsa kamar gawa a likkafani, ya laɓe a hanyar banɗaki da tsakar dare.

Wanda tsautsayi ya faɗa wa wani yaro ne ɗan aji ɗaya da ya zo daga wani ƙauye na bakin kogi. Ya kurma ihu ya faɗi, fitsari ya kuɓuce masa.

Kafin gari ya waye an laƙaba masa suna. Ni ma na yi dariya, kuma na sha kiran sa da sunan. Bai ƙarasa shekarar ba mahaifinsa ya zo ya ɗauke shi.

Bara na haɗu da shi a kasuwar Haɗeja, ya zama magidanci yana sana'ar kifi. Muna cikin gaisawa sai wani tsohon ɗan makarantarmu ya zo wucewa ya kira shi da sunan nan. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai yana jera kifin da ya riga ya jera. Kusan shekara 20 ke nan da wancan daren.

Waɗanda suka ga faɗuwarsa a lokacin ba su wuce goma ba, domin babu mai waya a cikinmu. Da yau ne, da bidiyonsa ya zaga Kafin Hausa da Auyo da Bulangu kafin sallar Azahar, ya kuma zauna a wayoyin mutane har 'ya'yansa su girma su gani.

Wannan shi ne abin da ya sauya game da wasan da matasa ke kira 'firank', inda ake shirya wa mutum ƙarya ko abin tsoro a ɓoye kyamara, a ɗauki firgitarsa ko kukansa, a ɗora a TikTok ko Facebook.

Bahaushe bai ƙi wasa ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja ya san zolaya. Akwai wasan kaka da jika, da na taubasai da ke karɓar kuɗin shara a watan cika-ciki. Akwai wasan Fulani da Barebari, da wanda ke tsakanin Haɗejawa da Katsinawa. Idan azumi ya kai kwana goma yara su fito tashe, su kwaikwayi malami da mai gari, kowa ya yi dariya.

Sai dai wannan wasa yana da ƙa'idojin da kowa ya sani ko da ba a rubuta su ba.

Abokin wasanka ya san kai abokin wasansa ne, don haka ba ya ɗaukar maganarka a matsayin gaskiya. Yana da damar ramawa nan take. Akwai manya a wurin da za su tsawatar idan an wuce gona da iri. Kuma wasan yana ƙarewa idan aka tashi daga majalisa.

Firank ya rushe waɗannan duka. Wanda aka shirya wa bai san wasa ake ba, kuma rashin saninsa shi ne jarin mai bidiyon. Ba shi da hanyar ramawa, domin mai kyamara ne ke yanke abin da duniya za ta gani. Babu dattijon da zai ce ya isa. Bidiyon kuma ba ya mutuwa: ko an goge shi a shafin farko, wasu sun riga sun sauke sun tura a WhatsApp.

Idan ka lura da waɗanda ake yawan zaɓa, za ka ga masu ƙaramin ƙarfi ne: almajiri, mai tallar awara, ɗan acaɓa, tsohuwa, mai larurar ƙwaƙwalwa, ko matar mai bidiyon da za a miƙa wa takardar saki ta ƙarya a ga yadda za ta yi. Da wuya ka ga an gwada shi a kan hakimi ko baturen 'yan sanda.

Me ya sa abin ke ƙaruwa?

Kuɗi na daga cikin dalilai. A 2024 kamfanin Meta ya buɗe wa masu ɗora bidiyo a Najeriya damar samun kuɗin talla a Facebook, yayin da a TikTok masu kallo ke tura kyaututtukan da ake sauyawa zuwa kuɗi. Manhajojin na tura wa mutane bidiyon da aka fi tsayawa a kansa, kuma ihu da kuka da gudu sun fi riƙe ido fiye da hira ta hankali.

Ga matashin da ya gama makaranta babu aiki, waya da ɗan data sun zama jari. Matsalar ita ce masu kallo na saurin sabawa. Abin da ya ba su dariya a makon jiya ba zai ba su a wannan makon ba, sai an ƙara masa gishiri. Daga macijin roba sai a koma bindigar roba, daga nan a koma kiran uwa a waya a ce ɗanta ya yi hatsari a hanyar Kano.

Jiki ba ya sanin wasa ake

Idan mutum ya firgita, wani ɓangare na ƙwaƙwalwa da ke lura da hatsari yana tayar da jiki kafin tunani ya kammala aikinsa. Zuciya ta hau bugu, hawan jini ya tashi, numfashi ya sauya. Faɗa wa mutum daga baya cewa wasa ne ba ya mayar da wannan baya. Ga mai hawan jini ko ciwon zuciya ko mace mai juna biyu, wannan ɗan lokacin kaɗai hatsari ne.

Ƙwaƙwalwa kuma tana adana abin da ya zo da tsoro fiye da sauran abubuwa. Shi ya sa Hausawa ke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Kunya ma tana da nata zafin. A 2003 Naomi Eisenberger da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun nuna cewa idan aka ware mutum daga cikin jama'a, wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke aiki lokacin ciwon jiki shi ma yana motsawa.

Wani bincike na kwalejin King's da ke Landan da aka wallafa a 2014 ya bibiyi mutum sama da 7,000 da aka haifa a Birtaniya a 1958. Ya gano cewa waɗanda aka riƙa cin zalinsu suna yara sun fi sauran fama da damuwa da ƙuncin rai har lokacin da suka kai shekara 50.

Akwai kuma asarar yarda. Yaron da mahaifinsa ya yi wa ƙaryar mutuwa don a ɗauki kukansa ya koyi cewa wanda ya fi amincewa da shi na iya sayar da hawayensa. Matar da aka yi wa wasan saki ba za ta sake jin kalmar a bakin mijinta kamar da ba. Malamai ma sun daɗe suna gargaɗin cewa saki ba abin wasa ba ne a shari'a.

Darasi daga wasu wurare

A watan Disamban 2012, wasu ma'aikatan gidan rediyo biyu a Ostireliya suka kira asibitin King Edward VII da ke Landan, suna kwaikwayon muryar Sarauniya Elizabeth da Yarima Charles, don jin labarin matar Yarima William da ke kwance a can. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗaga wayar, Jacintha Saldanha, ta yarda da su ta miƙa kiran. Aka yaɗa sautin a duniya. Bayan kwana uku aka tsinci gawarta, ta kashe kanta.

A Amurka, wasu ma'aurata a jihar Maryland masu shafin DaddyOFive a YouTube sun yi suna da shirya wa 'ya'yansu sharri har su yi kuka. A 2017 aka karɓe yara biyu daga hannunsu, kotu ta sa su ƙarƙashin sa ido na shekara biyar.

A Sifaniya, wani matashi ya cire kirim ɗin biskit ya matsa man goge baki a ciki, ya ba wani mara galihu da ke kwana a titin Barcelona. A 2019 kotu ta yanke masa hukuncin wata 15, ta ce ya biya mutumin diyyar Yuro 20,000, ta kuma hana shi amfani da YouTube na shekara biyar.

A nan gida, a watan Yunin 2023 'yan sanda a jihar Oyo sun kama fitaccen mai firank ɗin nan Trinity Guy kan wani bidiyo da ya yi da wata yarinya 'yar shekara 10, kotun majistare a Ibadan ta tura shi gidan gyaran hali tare da iyayen yarinyar.

YouTube da kansa ya haramta wasannin da ke sa mutum ya ɗauka ransa na cikin hatsari ko suke jefa yara cikin matsanancin tashin hankali tun a watan Janairun 2019.

A nan tsoro ba baƙo ba ne

Yankinmu na da dalilin da zai sa ya fi kowa taka-tsantsan. A daminar 2022 ambaliya ta rushe gidaje a Kafin Hausa da Bulangu, ta cinye gonaki a Auyo da Ringim da Kirikasamma, matasan Haɗeja suka riƙa kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa. A ranar 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta yi bindiga a Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura, sama da mutum 150 suka rasu.

Mutanen da suka ga wannan, kalmar "ruwa" ko "wuta" da tsakar dare ba ƙaramar magana ba ce gare su. Wanda ya yi ihun jinga ta ɓalle don ya ɗauki gudun mata da goyo, ya taɓa mikin da bai warke ba. Ya kuma yi wata ɓarnar: ranar da jingar ta ɓalle da gaske, wasu za su tsaya tambayar ko wasa ne.

Ihun "ɓarawo" ko "masu garkuwa" ya fi haka muni. A watan Maris ɗin 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo bayan an kira su masu garkuwa da mutane. Wancan ba wasa ba ne, amma ya nuna yadda taro ke aikata abin da ba a iya gyarawa kafin a tsaya bincike. Shi kansa mai wasan bai tsira ba: a watan Fabrairun 2021 an harbe wani matashi ɗan shekara 20 a birnin Nashville na Amurka lokacin da ya tunkari mutane da wuƙa yana wasan fashi don bidiyo.

Sannan Kafin Hausa gari ne da kowa ya san kowa, duk da baƙin ɗaliban da Jami'ar Sule Lamido ta kawo. Budurwar da aka kunyata a bidiyo za ta haɗu da masu kallonta a rijiya da Islamiyya da gidan biki, kuma dangin mai neman aurenta za su gani.

Me doka da addini suka ce?

Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba kowane mutum haƙƙin a mutunta shi, sashe na 37 ya kare sirrinsa. Dokar hana cin zarafin mutane ta tarayya ta 2015 ta sanya azabtar da mutum ta hanyar magana ko jefa shi cikin ƙunci a jerin laifuka, kuma Jigawa ta yi tata dokar a 2021, shekarar da ta kuma samar da dokar kare haƙƙin yara.

Matsalar ita ce wa dokar ke tashi dominsa. A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu hukuncin bulala 20 kowannensu da tara da sharar harabar kotu, saboda bidiyon barkwancin da suka yi kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. Gwamna na da masu kai masa ƙara. Mai tallar awara ba ta da su, kuma sau da yawa ba ta ma san an ɗauke ta ba.

A ɓangaren addini maganar a fili take. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana yi wa juna izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Abu Dawud ya ruwaito labarin wani sahabi da ya yi barci a tafiya, wani ya ɗauke igiyarsa da wasa, ya farka a firgice, Manzon Allah (SAW) ya hana firgita Musulmi. Igiya ce kawai aka ɗauke.

Mene ne abin yi?

Ba sai an hana barkwanci ba. Masu yin sa da yawa suna shirya wasansu da 'yan wasan da suka san abin da ake ciki, kuma suna samun masu kallo. Ma'aunin mai sauƙi ne: shin wanda aka yi wa ya yi dariya da zuciya ɗaya bayan ya gane, kuma ya amince a ɗora bayan an nuna masa? Naira dubu biyun da ake damƙa wa talaka yana rawar jiki ba yarda ba ce. Yaro da mai larurar ƙwaƙwalwa kuwa ba su da ikon ba da izini tun farko.

Masu unguwanni da limamai da shugabannin makarantun kwana na iya tsawatarwa kafin a kai ga kotu. Mu masu kallo kuma mu tuna cewa kowane dannawa da turawa lada ne ga mai bidiyon. Akwai maɓallin kai ƙorafi a kowace manhaja.

Idan wanda aka yi wa ya daina barci, ko yana zabura, ko ya ƙi fita cikin mutane tsawon makonni, a kai shi ga likita. Akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure da kuma Dawanau a Kano. Cewa "ai wasa ne, ka cika riƙo" ƙara masa ciwo yake yi.

Bayan mako biyu da haɗuwarmu na koma rumfar tsohon ɗan makarantarmu na nemi gafararsa. Ya ce ya yafe. Da na tashi tafiya sai ya roƙe ni abu ɗaya: idan na haɗu da sauran, in gaya musu su daina kiran sa da sunan, domin babban ɗansa ya fara tambayar ma'anarsa.